Fagen Wasanni: Zinariyar Da Aka Ci Ba Tuta

A cikin shekaru uku kacal, watau daga 2021 zuwa 2024, wani saurayi ɗan ƙasar Rasha mai suna Maksim Khramtsov ya gamu da al'amura uku waɗanda da wuya su haɗu a kan ɗan wasa guda. Ya ci lambar zinariya a wasannin Olimfik ba tare da an ɗaga tutar ƙasarsa ba. Ya koma gida aka kai shi fadar Kremlin aka maƙala masa lambar girma. Sa'an nan da lokacin kare kambinsa ya zo, sai aka rufe masa ƙofar fage, alhali babu wanda ya kayar da shi. Labarinsa ya isa a tsaya a duba shi da kyau, domin ya bayyana bambancin da ke tsakanin girman da mutum ya samo da guminsa da girman da hukuma ta ba shi, ko hukumar wasa ce ko ta mulki.

Wasan da ya fito da shi shi ne taikwando, watau wasan faɗan nan na mutanen Koriya wanda a ke yi da hauri da naushi. Sunan kansa kalmomi uku ne na harshensu aka haɗa, ɗaya tana nufin bugu da ƙafa, ɗaya bugu da dunƙulen hannu, ta ukun kuwa tafarki ko tarbiyya. A shekarar 1955 aka raɗa masa wannan suna, sa'ad da malaman makarantun faɗa dabam-dabam na Koriya ta Kudu suka soma neman haɗa kansu, bayan ƙasar ta fita daga mulkin Japan da kuma yaƙin da aka gwabza tsakanin Kudu da Arewa daga 1950 zuwa 1953. An buɗe babbar cibiyar wasan, wadda a ke kira Kukkiwon, a birnin Seoul a 1972, da shekara ta kewayo aka kafa ƙungiyarsa ta duniya. An gwada shi a Olimfik na Seoul a 1988 da na Basalona a 1992, amma nuni ne kawai. Sai a Sidni a shekarar 2000 aka fara ƙirga lambobinsa tare da na sauran wasanni.

Wanda ya saba kallon dambe ba zai sha wuyar gane taikwando ba, sai dai a dambe hannu ne babba ƙafa tana taimako, a nan kuwa ƙafa ce ke da gida. Bisa ga dokokin da aka yi aiki da su a Tokiyo, a kan yi turmi uku ne, kowane turmi minti biyu, da hutun minti ɗaya a tsakani. Naushi a ƙirji maki ɗaya ne, hauri a jiki maki biyu, hauri a ka maki uku. In mutum ya juya da baya kafin ya yi haurin, sai a ƙara masa biyu, watau huɗu a jiki, biyar a ka. Ba a yarda da naushi a fuska ba, kuma duk wanda ya faɗi ƙasa ko ya fita daga da'ira ko ya riƙe abokin karawarsa, a kan ba wancan maki ɗaya. 'Yan wasan suna sa sulke da hular kwano masu na'urar lantarki a ciki, da safa wadda na'urar ke ganewa, don haka yawancin makin inji ne ke ƙirga shi, abin da ya rage gardama da alƙalai ƙwarai.

Akwai kuma wani abu da ya sa lambar Olimfik ta fi kowace wuyar samu a wannan wasa. A gasar duniya aji takwas a ke raba maza bisa ga nauyin jikinsu, mata ma haka. A Olimfik kuwa sai a matse su su koma huɗu, ga maza watau kilo 58, da kilo 68, da kilo 80, da waɗanda suka haura 80, kuma ƙasa ba ta kawo fiye da mutum ɗaya a kowane aji. Saboda haka zakaran kilo 74 ba shi da ajinsa a can. Ko dai ya ƙuntata wa cikinsa ya sauka 68, ko ya hau ya kara da waɗanda suka fi shi tsawo da ƙashi.

Tun Daga Zamanin Sobiyet

Rashawa ba su shigo wannan wasa da wuri ba. A zamanin Tarayyar Sobiyet hukuma tana alfahari da kokawa da damben Turawa da judo da kuma nasu wasan na sambo, amma tana kallon wasannin hauri na Gabas da ido na tuhuma. A shekarar 1981 har an shigar da koyar da karate ba da izini ba cikin laifuffukan da za su iya kai mutum kurkuku, ba a sassauta ba sai a ƙarshen shekarun 1980. To, a sa'ad da Koriya da Amurka da Sifen da Turkiyya suka daɗe suna horar da yaransu, Rasha tana kan koyon tsayuwa ne. An ce wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi, haka kuwa aka yi, domin shekara ashirin suka yi suna zagaya zinariyar Olimfik ba su taɓa ta ba.

A Sidni a 2000, Natalia Ivanova ta kai wasan ƙarshe a ajin manyan mata, Chen Zhong ta ƙasar Sin ta tsayar da ita a kan azurfa. A 2004 da 2008 ba su samo kome ba. A Landan a 2012 Anastasia Baryshnikova da Aleksey Denisenko suka samo tagulla ɗaya-ɗaya. A Riyo a 2016 Denisenko ya sake yunƙurawa har wasan ƙarshe na kilo 68, sai ga wani saurayi ɗan Jodan, Ahmad Abughaush, ya doke shi da ci 10 da 6. Wannan ita ce lambar Olimfik ta farko da Jodan ta taɓa samu a kowane irin wasa. Mai karatu ya riƙe sunan Jodan, domin zai sake fitowa a gaba.

An haifi Maksim Khramtsov ran 12 ga Janairu, 1998, ya kuma tashi a Nizhnevartovsk, wani gari a yammacin Siberiya a bakin kogin Ob. Garin ɗan man fetur ne, domin bunƙasarsa ta biyo bayan gano rijiyoyin Samotlor a 1965, waɗanda su ne mafi girma a Rasha. Wuri ne da hunturu ke cinye fiye da rabin shekara, yaro ba shi da filin guje-guje sai cikin ɗakin motsa jiki, kuma arzikin mai ya sa hukumar yankin tana da abin gina irin waɗannan ɗakuna. Da karate ya fara, irin wanda a ke kira kyokushin, mai tsananin duka. Da ya kai wajen shekara goma sha uku sai ya koma taikwando a hannun malaminsa Aleksandr Lashpanov, saboda wancan salon karate ba shi da hanyar zuwa Olimfik, shi kuwa can ya sa ido.

Bai daɗe ba duniya ta san da shi. A gasar duniya da aka yi a garin Muju na Koriya ta Kudu a 2017, yana da shekara goma sha tara, ya zama zakaran kilo 74. Masu karatu na Jamhuriyar Nijar ba za su manta da wannan gasa ba, domin a cikinta ne Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya ci kambin duniya na ajin mafiya nauyi, shekara ɗaya bayan ya kawo azurfa daga Riyo, lambar Olimfik ta farko da Nijar ta gani tun tagullar da Issaka Daborg ya samo a damben Turawa a Munik a 1972. Bayan Muju, Khramtsov ya zaɓi hawa zuwa kilo 80, ya ci gasar Turai a 2018, ya riƙa tara maki har ya isa Tokiyo yana kan gaba a ajinsa.

Kwana Huɗu A Tokiyo

Annobar korona ta sa an ɗage wasannin Tokiyo daga 2020 zuwa 2021, kuma da aka zo yi ba a bar 'yan kallo sun shiga ba. A wani katafaren zaure da a ke kira Makuhari Messe aka yi taikwando, kujeru wayam, ba a jin kome sai ihun masu horarwa da ƙarar ƙafa a kan sulke. Labarun da aka bayar a lokacin sun nuna cewa Khramtsov ya shiga gasar ne da karaya a hannu, ga kuma rasuwar mahaifiyarsa 'yan watanni kafin nan. Duk da haka ran Litinin 26 ga Yuli ya bi abokan karawarsa ɗaya bayan ɗaya har ya kai wasan ƙarshe, inda ya tarar da Saleh El-Sharabaty, wani ɗan Jodan. Aka tashi 20 da 9. Bashin da Jodan ta ci a kan Denisenko shekara biyar baya ya biyu, Rasha kuma ta sami zinariyarta ta farko a wannan wasa. Seif Eissa na Masar da Toni Kanaet na Kuroshiya suka ɗauki tagulla.

Kashegari Vladislav Larin, mutumin yankin Kareliya da ke iyaka da Finlan, wanda shi ma ya ci kambin duniya a Manchesta a 2019, ya doke Dejan Georgievski na Makidoniya ta Arewa da ci 15 da 9 a ajin mafiya nauyi. Kafin su, Mikhail Artamonov ya riga ya samo tagulla, Tatiana Minina kuma azurfa. Mutum huɗu Rasha ta kai, huɗun duka suka komo da lamba, suka zama na ɗaya a jerin ƙasashen da suka yi wasan. Koriya ta Kudu kuwa, mai wasan, ta tashi ba zinariya ko ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba a duk Olimfik ɗin da ta shiga wasan tun 2000. Gaba da gabanta, in ji masu iya magana.

Amma fa da aka kira Khramtsov ya hau dandamali, ba a ambaci sunan Rasha ba. Haruffa uku aka rubuta a gaban sunansa, waɗanda ke nufin Kwamitin Olimfik na Rasha. Tutar da aka ɗaga fara ce mai alamar kwamitin, kuma maimakon taken ƙasa sai aka kaɗa wani kiɗan piyano na Tchaikovsky, shahararren mawallafin kiɗan nan nasu na ƙarni na goma sha tara. Dalili shi ne hukuncin da ke kan ƙasar saboda maguɗin ƙwayoyin ƙara kuzari. Bincike ya nuna cewa a wasannin hunturu na Sochi a 2014 an riƙa musanya fitsarin 'yan wasa da hannun jami'an hukuma, daga baya kuma aka tarar an taɓa bayanan ɗakin gwaji na Mosko kafin a miƙa su. A watan Disamba na 2019 hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta duniya ta yanke wa Rasha shekara huɗu, kotun wasanni da ke Lozan ta rage zuwa biyu a Disamba na 2020. An bar 'yan wasan da ba a kama da laifi ba su yi wasa, amma ba da suna ko tuta ko take ba.

A lokacin da aka yi maguɗin Sochi, Khramtsov yaro ne ɗan shekara goma sha shida, kuma wasansa ba ya cikin wasannin hunturu. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, a nan kuwa waken daga ofisoshin manya ya fito, garin da ya ɓaci kuma na yara ne. Wannan shi ne karo na farko da aikin hukumar ƙasarsa ya rage masa wani abu daga cikin ranar farin cikinsa.

Tukwicin Fada

Abin da aka hana shi a Tokiyo an ninka masa a gida. Gwamnatin Rasha ta yanka wa kowane mai zinariya rubul miliyan 4, mai azurfa miliyan biyu da rabi, mai tagulla miliyan 1.7, ban da abin da jihohi ke ƙarawa nasu 'ya'yan. A watan Satumba na 2021 Shugaba Vladimir Putin ya tara su a fadar Kremlin ya raba lambobin girma, Khramtsov da Larin suka sami wadda a ke kira Lambar Abuta. Aka kuma jera sababbin motoci ƙirar BMW a harabar fadar, kowa ya karɓi makullinsa. Khramtsov yana kuma riƙe da laƙabin gwanin wasa mai cancanta, wanda shi ne mafi girma ga ɗan wasa a can, kuma asalinsa tun 1934 a zamanin Stalin.

Babu laifi ƙasa ta yi wa ɗanta tukwici, kowace ƙasa tana yi daidai ƙarfinta. Abin lura shi ne yadda tsarin wasanni ya ke a Rasha, domin a can hukuma ce uwa, ita ce uba. Tun zamanin Sobiyet manyan ƙungiyoyin wasa biyu ne ke riƙe da yawancin gwanaye, watau ƙungiyar soja wadda a ke kira CSKA, da Dinamo wadda aka kafa a 1923 a ƙarƙashin jami'an tsaron cikin gida. Ɗan wasa ya kan sami albashi da gida da magani da wurin horo ta hannunsu, sau da yawa har da muƙamin soja, ko da bai taɓa kwana a bariki ba. A wasa irin taikwando, wanda ba shi da kuɗin talla ko na 'yan kallo kamar ƙwallon ƙafa, da wuya mutum ya kai ko'ina in ba ta wannan hanya ba. Muddin ana zaman lafiya babu mai tambaya. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ranar askin ba ta yi nisa ba.

Ran 24 ga Fabrairu, 2022, sojojin Rasha suka kutsa cikin Yukren. Kafin mako ya cika ƙungiyar taikwando ta duniya ta janye baƙar ɗamara ta girmamawa, mai daraja ta tara, wadda ita da kanta ta ba Putin a watan Nuwamba na 2013. Bayan haka aka hana 'yan wasan Rasha da na Belarus shiga gasanninta. Shekara guda Khramtsov yana zaune, yana da shekara ashirin da huɗu, lokacin da ƙafar ɗan taikwando ta fi kowane lokaci sauri.

A watan Maris na 2023 Kwamitin Olimfik na Duniya ya ba da shawarar a bar Rashawa su dawo, amma kowa a ƙashin kansa, ba tuta ba take, kuma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, kada ya kasance ya fito fili ya goyi bayan yaƙin. Na biyu, kada ya kasance yana da ƙulli na aiki da soja ko hukumomin tsaro. Da gasar duniya ta Baku ta zo a ƙarshen watan Mayu na wannan shekara, aka tantance Rashawa aka bar da dama daga cikinsu suka shiga, amma aka tsame mutum biyu, watau Khramtsov da Larin, zakarun Olimfik ɗin nan biyu. Kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta sassauta musu suka koma fage, har Rashawa suka ci guraben zuwa Faris. Sai dai Kwamitin Olimfik ya kafa nasa masu tantancewar, kuma da suka fitar da sunaye a tsakiyar 2024 babu ɗan taikwando ko ɗaya daga Rasha. Ƙasar da ta kai mutum fiye da 330 Tokiyo, mutum 15 kacal suka je Faris daga cikinta a dukkan wasanni. Kambin kilo 80 ya tafi hannun Firas Katoussi na Tunisiya, wanda ya ci shi da gaskiyarsa, mai riƙe da shi kuwa yana gida.

Hujjar Kowane Ɓangare

Mutanen Yukren suna da magana, kuma maganarsu mai nauyi ce. Sun ce ba za a ce wa ɗan wasansu, wanda aka rushe masa ɗakin horo ko aka kashe masa ɗan'uwa, ya tsaya ya rusuna wa wanda ke cin albashin rundunar da ta yi ɓarnar ba. Ministan harkokin wajensu na lokacin, Dmytro Kuleba, ya bayyana a farkon 2023 cewa daga cikin lambobi 71 da Rasha ta samo a Tokiyo, 45 'yan ƙungiyar soja ne suka ci su. Sun ƙara da cewa gwamnatin da ke tara zakaru a fada tana ɗaukar hoto da su, ita ce ta fara shigar da siyasa cikin wasa, don haka ba ta da bakin kuka in an mayar mata da martani ta nan.

Rashawa su ma suna da tasu. Sun ce ɗan wasa bai aika soja ko'ina ba, kuma a ƙasar da aka kafa doka a watan Maris na 2022 mai iya ɗaure mutum shekara goma sha biyar saboda abin da ya faɗa game da rundunar soja, ba adalci ba ne a auna mutum da abin da ya furta ko ya yi shiru a kai. Sun kuma yi tambaya a kan wasu ƙasashe da suka kai yaƙi ƙasashen wasu ba a taɓa hana 'yan wasansu fita ba, suna cewa laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Kwamitin Olimfik ya amsa da cewa Rasha ta keta yarjejeniyar tsagaita wuta ta Olimfik, domin ta kai harin ne kwana huɗu bayan rufe wasannin hunturu na Bejin, sa'an nan a watan Oktoba na 2023 ya dakatar da kwamitin Rasha ɗungum saboda ya shigar da ƙungiyoyin wasa na yankunan Yukren da aka mamaye cikin nasa.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce ga Afirka. An hana Afirka ta Kudu shiga Olimfik daga 1964 har zuwa 1992 saboda mulkin wariyar launin fata, kuma ƙasashen wannan nahiya ne suka tsaya kai da fata sai da aka yi haka. A 1976 ƙasashe fiye da ashirin na Afirka, har da Nijeriya, suka janye daga wasannin Montiriyal saboda an ƙi korar Niyu Zilan, wadda 'yan wasan zari-rugarta suka kai ziyara ƙasar wariya. Da yawa daga cikin 'yan wasan sun riga sun sauka a Kanada aka ce su tattara kayansu. Filbert Bayi na Tanzaniya, mai riƙe da bajintar duniya a gudun mita 1,500, bai yi gudun ba, John Walker na Niyu Zilan ɗin ya ɗauki zinariyar. Yau da wuya a sami ɗan Afirka da zai ce manufar janyewar ba ta da kyau, amma waɗanda suka biya kuɗinta 'yan wasa ne, ministocin da suka yanke shawarar ba su rasa kome ba. Haka aka maimaita a Mosko a 1980 da Amurka ta ja wasu suka ƙi zuwa, da kuma Los Anjalis a 1984 da Sobiyet ta rama.

To, ashe ana iya yarda cewa hukunci ya dace, a kuma yarda cewa wanda ya faɗa wa ba shi ne ya fi kowa laifi ba. Abin da labarin Khramtsov ya ƙara a kan na magabata shi ne, girman da ƙasarsa ta ba shi da tsarin da ya raine shi su ne suka sa aka fi sa masa ido. Ƙananan 'yan wasan Rasha waɗanda ba a san su ba sun wuce tantancewar Baku, manyan biyu da aka ɗauki hotonsu a fada su aka tsayar. Ɗamarar da ƙungiyar duniya ta ba Putin da hannun dama ta karɓe da hagu cikin shekara tara. Izinin da ƙungiyar ta ba Khramtsov a ƙarshen 2023, Kwamitin Olimfik ya soke amfaninsa cikin 'yan watanni. Duk waɗannan kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ita kanta tuta an ga ana sauya ta, domin Radik Isayev, wanda ya hana Alfaga zinariya a Riyo, haifaffen Dagestan ne a cikin Rasha, amma da sunan Azarbaijan ya yi wasa.

Akwai darasi a nan ga masu riƙe da ragamar wasanni a ko'ina su ke. Ƙasar da ta bar 'yan wasanta ba su da abin dogara sai albashin soja ko na 'yan sanda ko alherin mai mulki, ta ɗaure su ne da igiya biyu. Ba su da ikon cewa a'a a gida, kuma duk ranar da gwamnati ta yi abin da duniya ta ƙi, su za a fara tarewa a bakin ƙofa, domin su ne a ke gani. In da akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu, da makarantu da kamfanoni masu ɗaukar nauyin yara, da asusun da ba ya sauyawa da sauyin shugaba, da ɗan wasa ya sami inda zai tsaya a ce wannan ɗan wasa ne kurum.

Ga shi kansa Khramtsov, hasarar da ta fi girma ita ce ta lokaci. Kuɗi a kan sake samu, mota a kan sake saye, amma Olimfik sau ɗaya ta ke zuwa a shekara huɗu, kuma ɗan wasan faɗa da wuya ya ga fiye da biyu ko uku yana kan ganiyarsa. Yana da shekara 23 a Tokiyo, 26 a lokacin Faris, zai kuma cika 30 kafin a buɗe wasannin Los Anjalis a 2028, ga yara sababbi suna tasowa a Tunisiya da Iran da Uzbekistan da Koriya waɗanda ba su san tsoronsa ba. Abu ɗaya ne ba a taɓa ba a cikin duk wannan kai-komo, shi ne abin da allon maki ya nuna a zauren Makuhari, 20 da 9, domin babu shugaba ko kwamitin da ya ba shi wannan. Allah Ya kawo ƙarshen yaƙin, a bar samari su raba gardamarsu a cikin da'ira, turmi uku, alƙali yana tsaye.